Gargaɗi ga masu neman kwafin shari'a

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanenmu na ƙauyukan ƙasar Gumel. Akwai wani mutum da ke zama gindin bishiya a bakin kotuna, da jakar takardu a hammata, yana cewa shi ɗan hanya ne wajen ciro kwafin shari'a. Ba ma'aikacin kotu ba ne. Goggona ya damfara, shi ya sa na kasa yin shiru.

Shari'ar gadon gona suka yi da 'yan ubanta, hukunci bai yi mata daɗi ba, alƙali ya ce tana da kwana 30 ta ɗaukaka ƙara. Tana fitowa ya tare ta: "Baba, kwafi sai da ɗan gari, in kika bi layi sai damina ta wuce." Ta kai akuyarta da ɗan tunkiya kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta damƙa masa kuɗin, ba rasit, ba shaida. Kullum gobe, kullum rajistara ya yi tafiya. Da ya ga an matsa masa sai ya kawo wasu shafuka uku na fotokwafi, hatimin ma hotonsa ne. Goggo ba ta karatun boko, ta ƙulle su a leda ta ajiye ƙarƙashin katifa tana ta sa masa albarka. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Kafin na gani, kwanakin sun ƙare, yanzu roƙon ƙarin lokaci muke yi.

Kwafin shari'a a ofishin rajistaran kotun da ta yi hukunci ake nemansa. Ka rubuta takardar buƙata da lambar ƙara da sunayen masu shari'a, ka biya abin da aka yanka, a ba ka rasit. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an rubuta a jikin kwafin cewa daidai yake da na asali, da kwanan wata, da suna da muƙamin jami'in da ya sa hannu.

Kuma ba sai kwafi ya fito ake shigar da ɗaukaka ƙara ba. A fara shigarwa, kwanaki ba sa jira.

Don Allah duk mai tsohuwa ko tsoho da ke zuwa kotu, ya raka su da ƙafarsa har cikin ofis. Wanda mutumin nan ya karɓe wa kuɗi ya sanar da mai unguwa, mu haɗu mu kai ƙara wajen 'yan sanda.