Kayan kiɗa ko karin waƙa? Umarni iri biyu a kan Zabura

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "Sheminit" da ke kan Zabura 6 da "Barewar Asuba" da ke kan Zabura 22 aiki ɗaya suke yi. Dukansu umarni ne ga shugaban mawaƙa, wanda aka ambata a kan zabura 55, amma kowanne da abin da yake faɗa masa.

Na farkon yana cikin kalmomin da ke nuna abin da za a kaɗa da muryar da za a ɗauka. Neginot, a Zabura 4, kayan kiɗa ne masu tsirkiya, Nehilot kuwa, a Zabura 5, galibin masana sun ɗauke shi sarewa. Hujjar wannan rukuni tana da ƙarfi, domin 1 Tarihi 15 ta nuna mana Sheminit da wata kalma irinta, Alamot, a bakin aiki: ranar da Dawuda ya kawo Akwatin Alkawari Urushalima, mawaƙa Heman da Asaf da Etan suna buga kuge na tagulla, Lawiyawa 8 suna kaɗa garaya bisa Alamot, wasu 6 kuma suna jan ragama da molo bisa Sheminit. Da yake Alamot na nufin 'yan mata, Sheminit kuma na takwas, da yawa sun fahimci cewa siririyar murya ake nufi a ɗaya, kakkaura a ɗayan.

Na biyun ba ya ambatar kayan kiɗa ko kaɗan. "Barewar Asuba", da "Furanni" a Zabura 45 da 69, da "Kada Ka Hallaka" a 57 zuwa 59 da 75, sun fi kama da sunayen waƙoƙin da jama'a suka riga suka sani, kamar yadda sha'iri a ƙasar Hausa yake ɗora sababbin baitoci a kan karin tsohuwar waƙa. Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne Ishaya 65:8, inda mai tsinkar inabi yake ganin nonon inabi mai ruwa ya ce kada a hallaka shi, akwai albarka a ciki, wanda wataƙila waƙar girbi ce.

Duk da haka, kada a ɗora wa rukuni na biyu nauyin da aka ɗora wa na farko, domin karin kansa bai iso gare mu ba, kuma Yahudawan da suka juya Zabura zuwa Girkanci kafin haihuwar Almasihu sun riga sun ruɗe da irin waɗannan kalmomi, har suka mai da "ga shugaban mawaƙa" ya koma "zuwa ƙarshe".