Dungeon Crawl Stone Soup ya yi, amma sai ka gyara kibod ɗinka

Jama'a masu tambayata kan Dungeon Crawl Stone Soup, gem ɗin kwamfuta da kake sauka cikin kurkuku hawa-hawa kana faɗa da dodanni, ga ra'ayina. Kyauta ne, tun 2006 ake ta gyara shi, kuma ko tsohuwar laftof irin wadda ake saidawa cikin Katsina za ta ɗauke shi ba gardama. Amma fa in ka mutu ka mutu, ba maganar komawa inda ka yi sebin, shi ya sa danna harafi guda ba daidai ba sai ya kwashe maka wahalar sati.

Tafiya ita ce ta fara ba mutane haushi. Laftof ɗina ba ta da lambobin gefe, dole na koyi h j k l na hagu, ƙasa, sama da dama, da y u b n na kusurwa, gadon da aka ɗauko daga tsohon gem ɗin Rogue na 1980. Hannu na sabawa, shi ke nan. Sannan o na yawata maka hawan da kanshi, Tab na kai wa dodo sara, 5 hutu. Wanda ya sha wuyar NetHack, wani tsohon gem irin wannan, zai san an yi mana gata a nan wallahi.

Inda nake da magana shi ne haruffan kaya. A tsofaffin fitowar gem ɗin, duk abin da ka tsinta harafin da ya samu yake ɗauka, yau maganin warkewa na kan d, gem na gaba ya koma k, to ka ga ga dodo a kanka jini ya kusa ƙarewa kai kuma kana ta lalube cikin jaka kamar mai neman canji a motar Daura. Maganin abin na nan, an dai ɓoye shi ne. Ka danna = ka sauya wa kaya harafi, ko ka danna { ka rubuta @q1 a jikin kwalbar, daga nan q da 1 kawai ka sha. Takardar ɓacewa kuma @r1, r da 1 ka karanta ta. Kwalbar da ba ka so ka sha da garaje sa mata !q, sai ta tambaye ka tukuna.

Ni da masu gem ɗin za su ji tawa, da sun koya wa sabon shiga wannan tun ranar farko, don yawanci sai wani ya gwada maka. Ƙanena har yanzu da mawus yake yi, ya ce haddar ta yi mashi yawa, na ƙyale shi.