Bitar hanyar Dragon's Back a Hong Kong: tsauni da teku a kuɗin motar haya

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke yada zango a Hong Kong kan hanyarsu ta zuwa Guangzhou ba sa wuce titin Nathan da kewayen Chungking Mansions, shi ya sa suke komawa gida da zaton cewa garin dogayen benaye ne kawai da cunkoson jama'a. Alhali kuwa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar yankin duwatsu ne da dazuzzuka da hukuma ta keɓe a ƙarƙashin dokar 1976, ta kuma shimfiɗa hanyoyin ƙafa a cikinsu. Mafi shahara a cikin waɗannan hanyoyi ita ce Dragon's Back, wadda take zango na takwas kuma na ƙarshe na babbar hanyar Hong Kong Trail mai tsawon kilomita 50, kuma a ganina babu wurin da baƙo marar mota zai fi cin ribar rabin yininsa kamar nan.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda sufurin gari ya haɗu da hanyar tsaunin ba tare da wani giɓi ba. Wanda ya kwana a unguwar Tsim Sha Tsui, inda ginin Chungking Mansions yake, zai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na MTR zuwa Admiralty, ya sauya zuwa layin da ya nufi Chai Wan, ya sauka a Shau Kei Wan. Daga ƙofar fita ta A3 tashar bas tana nan kusa, kuma bas mai lamba 9 da ke zuwa Shek O ita za ta ajiye shi a To Tei Wan, inda matakalar farko ta hanyar take a gefen titi. Ba a buƙatar ɗan rakiya, ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma cinikin kuɗin mota da kowa. Katin Octopus, wanda aka fara amfani da shi a 1997, yana biyan jirgi da bas duka, kuma ya kamata a tanade shi tun daga filin jirgin sama, domin direban bas ba ya ba da canji ga wanda ya biya da tsabar kuɗi. Allunan tashoshi suna ɗauke da Sinanci da Turanci, saboda haka wanda ya iya karanta boko ba zai ɓata ba.

Hawan farko shi ne mai ɗan wahala, amma ba ya daɗewa mutum ya fito kan doron tsaunin, inda teku ke bayyana ta dama da hagu. Ta yamma ana hangen gaɓar Tai Tam da yankin Stanley da ya kutsa cikin teku, ta gabas kuma ƙauyen Shek O da farin rairayinsa da filin wasan golf mai kore shar, sai tsibirin Tung Lung Chau can gaba cikin ruwa. Ƙololuwar Shek O Peak tsayinta mita 284 ne kacal, tsayin da ba zai tsorata wanda ya saba hawan duwatsun Jos ba, sai dai da yake ƙasa ta gangara kai tsaye zuwa ruwa, ido yana kaiwa nesa ƙwarai. Wannan yanki na doron tsauni shi ne ainihin ladan tafiyar, kuma ina ba da shawarar kada a yi gaggawa a cikinsa. A zauna a sha iska, a kalli jiragen ruwa na dakon kaya suna wucewa, waɗanda wataƙila kayan wani ɗan Kantin Kwari ne a cikin ɗayansu.

Kulawar da ake yi wa hanyar ma abin a yaba ce. An kafa turaka masu lamba a kowace mita 500, ta yadda wanda ya gurɗe ko zafi ya galabaitar da shi zai kira 999 ya faɗi lambar turken da ke kusa da shi, masu ceto su san inda yake.

Hanyar tana da nata naƙasu. A doron tsaunin inuwa ta yi ƙaranci, babu kuma inda ake sayar da ruwa har sai an sauka, don haka daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin zafi mai gumi da guguwar teku, tafiyar tana iya zama haɗari ga wanda bai shirya ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi daɗi. Ranakun Asabar da Lahadi jama'a suna yawa a layin bas da kan ƙololuwa, har sai an jira kafin a sami wurin ɗaukar hoto, wanda ke da hali ya zaɓi safiyar ranar aiki. Haka kuma rabin hanya na biyu bai kai na farko armashi ba, domin bayan an bar doron tsauni sai a shiga cikin itatuwa a miƙe ba tare da ganin teku ba, sannan a bi titin siminti da doguwar matakala da ke gajiyar da gwiwa. Dattijo ko mai ciwon ƙafa zai fi kyau ya tsaya a ƙololuwa ya juya ta inda ya hau.

Wanda ya cika zangon, mai tsawon kilomita 8.5 da kan ci awa uku zuwa huɗu, zai sauka a gaɓar Big Wave Bay, inda masu wasan hawan igiyar ruwa ke taruwa, kuma a gefen gaɓar akwai wani tsohon zane da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, wanda hukuma ta sa cikin kayan tarihi da ake karewa. Akwai 'yan shagunan abin sha a wurin, amma Musulmi ya riƙo guzurinsa na halal daga gidajen abincin da ke kusa da Masallacin Kowloon a Tsim Sha Tsui, ya kuma tsara lokacinsa yadda Azahar ba za ta kuɓuce masa ba. Daga gaɓar ƙananan motoci masu jan rufi suna mayar da fasinja Shau Kei Wan, kuma yana da kyau a riƙe 'yan canji a aljihu saboda su.