Na'urar nuna hanya ta babur: wacce ce ke jure ruwa da jijjiga?

Abu uku ne ke kashe na'urar nuna hanya a kan babur: ruwa, jijjiga, da matsalar wuta. Da su za ka auna duk abin da aka miƙo maka, tun kafin ka kalli girman allo.

A wajena Garmin zūmo XT ce gaba. Allonta inci 5.5 ne, ana karanta shi da tsakar rana, yana kuma amsa yatsa ko da safar hannu. Tana da shaidar IPX7, wato za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Taswirar tana cikinta, ba ruwanta da sabis ɗin waya. Ko ta ba da matsala, gyaran na hannunka ne. In ta daina caji, yawanci ƙananan ƙarafunan mazauninta (abin da ake ɗora ta a kai a jikin babur) ne suka yi datti ko tsatsa. Goge su, ka duba fiyus. Wayar wutarta mai launin ja kuwa ka haɗa ta da layin da sai an murza makulli yake kawo wuta, kada ka ɗaura ta kai-tsaye a batir, domin za ta iya zuƙe shi in babur ya daɗe a ajiye. In allo ya ƙame, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 12. In ta kasa gane inda kake, fito da ita fili ka ba ta 'yan mintuna, tana buƙatar aƙalla taurarin ɗan'adam 4.

TomTom Rider 550 ba laifi, amma allon inci 4.3 ya yi wa ido kaɗan a guje. Ɗaura wayar salula kuwa arha ce mai tsada: zafin rana na dusashe allon, kuma a 2021 Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa jijjigar manyan babura na lalata kyamarar iPhone.

Inda aka fi cutar mutane shi ne allunan nan marasa sunan kamfani. Da yawansu ba su da taswirar kansu, abin da ke wayarka kawai suke haskowa. Waya ta mutu, sun zama hoto. Wasu kuma na'urar mota ce aka saka a jakar leda aka ce ta babur. Duk kwalin da ya ce "ba ta jin ruwa" babu lambar IP irin su IPX7, ajiye shi. In na'urar da za ka saya ta hannu ce, duba ko bayanta ya kumbura, alamar batir ya lalace, ka haska ramin caji ko akwai koren tsatsa. Lambar jikinta ta dace da ta cikin saitinta, kuma in Garmin ce a haɗa ta da Garmin Express, manhajar kamfanin ta kwamfuta, a gabanka. Mai sayarwa ya ƙi a gwada ta a fili har ta kama tauraro, riƙe kuɗinka.