Scimago, shafin awon mujallu, a hannun mai bincike kan ruwan Haɗeja

Abin da ya sa na fara riƙe Scimago shi ne kyauta ne, a harkar da kusan komai nata sai da dala. Scopus, rumbun maƙalun da kamfanin Elsevier ya buɗe a 2004, ba ka shiga cikinsa ka sake sai jami'arka ta biya kuɗin shekara. Rahoton da kamfanin Clarivate ke fitarwa, mai ɗauke da ma'aunin tasirin mujallun nan da ake yi wa kirari a kowane taron sashe, shi ma na masu biya ne. Shi kuwa scimagojr.com ko a waya ka buɗe shi, babu rajista, babu kalmar sirri, datarka kawai zai ci, tare da 'yan tallace-tallacen da ke leƙowa daga gefe. Wata ƙungiyar masu bincike a Sifaniya, ƙarƙashin Félix de Moya Anegón, ita ta kafa shi a 2007, kuma daga Scopus yake ɗebo alƙalumansa. Abin da Scopus bai sani ba, Scimago ma bai san shi ba, kuma rabin ƙorafina daga nan ya taso.

Ni malamar labarin ƙasa ce a wata jami'a a Arewa, bincikena kuma kan rabon ruwa ne a kwarin kogin Haɗeja. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya hali. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani, yanzu a wasu rassan ba ya yankewa, kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Wani gari gonakinsa sun nutse, na gaba da shi kuma ruwan bai kai masa ba. Tambayata kullum ita ce wa ya samu, wa ya rasa, kuma wa aka shawarta kafin a saki ruwa: mai noman rani a Kadawa, masunci a Nguru, ko makiyayin da ke gangarowa fadama in ciyawar tudu ta bushe. Irin wannan aikin ba shi da gida ɗaya a duniyar mujallu. Masana kimiyyar ruwa su ce siyasa ta yi masa yawa, masana zamantakewa su ce lissafin ruwa ya cika shi. Neman inda zan kai shi ne ya mayar da ni 'yar gida a wannan shafi.

Amfani da shi ba wuya. Akwai gurbin bincike a sama, ka rubuta sunan mujalla ko lambarta ta ISSN. Ɗauki Local Environment, wadda Julian Agyeman, farfesan jami'ar Tufts a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1996, kuma aka gina ta a kan cewa ba a raba kiyaye muhalli da yi wa mutanen wurin adalci. Da ka danna sunanta za ka ga ƙasar da ake buga ta, da kamfanin da ke buga ta, da fannonin da aka sanya ta, da shekarun da Scopus ya yi yana tattara ta. A ƙasa kuma zane-zane ne: maƙalu nawa take fitarwa a shekara, sau nawa aka kafa hujja da su, nawa daga ciki ita ce ta ambaci kanta, nawa ne aka buga babu wanda ya waiwaye su a lokacin da aka ƙirga. Wannan na ƙarshen na fi tsayawa a kansa, don shi ke nuna maka cewa ko a babbar mujalla akwai maƙalun da suke kwance ba mai ɗaga su.

Inda shafin ya fi biya mini buƙata shi ne wajen ɗalibaina. Babu watan da zai wuce wani ɗalibin digiri na biyu bai zo mini da saƙon imel ba: wata mujalla mai suna irin na ƙasa da ƙasa ta ce ta ga aikinsa, za ta buga cikin mako biyu, kuɗin kaza, ga kuma wata lamba da manyan baƙaƙe wai ma'aunin tasirinta. Sai in ce, “Zauna, Malam, rubuta sunanta a nan.” Mafi yawa ba ta fitowa. Rashin fitowar ba ya nufin ta bogi ce, amma in ta yi iƙirarin tana Scopus kuma babu ta, an gama magana, ba mu yin cinikin biri a sama. Tun da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, ya rufe jerinsa na mujallun damfara a farkon 2017, wannan duban na minti biyu ya ƙara daraja.

Sai dai a nan ma akwai inda mutum zai yi hattara. Sau ɗaya a shekara ake sabunta alƙaluman, saboda haka mujallar da Scopus ya sallama bayan sabuntawar tana iya zama a Scimago da matsayinta mai kyau har zuwa baɗi. Shi ya sa nake cewa a dubi layin shekarun da kyau, sannan a leƙa jerin mujallun Scopus da kansa, wanda shi ma buɗaɗɗe ne ga kowa. Akwai kuma ɓarayin suna: su ɗauki sunan mujalla ta gaskiya da lambarta, su buɗe shafi irin nata, su karɓi kuɗi. Ka duba Scimago ka ga sunan yana nan, alhali ba ita ka aika wa ba. Retraction Watch, kafar da ke bin diddigin maƙalun da aka janye, ta buɗe jerin irin waɗannan a 2022, kuma yana da kyau a haɗa da shi.

To, ita lambar da ake ba mujalla, yaya ake samo ta? Ma'aunin tasiri na Clarivate lissafi ne na raba: sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekara biyu da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. Lambar Scimago, wadda suke kira SJR, ta ɗan fi wannan wayo. Shekara uku take dubawa, kuma ba ta ɗaukar kowane ambato daidai da ɗan'uwansa: in mujallar da ta ambace ka ita ma ana yawan ambatonta, nata ya fi nauyi, irin dabarar da Google ya fara jera shafuka da ita. An kuma taƙaita ribar da mujalla za ta ci daga yawan ambaton kanta. Daga nan sai a jera mujallun kowane fanni daga sama zuwa ƙasa a kasa su huɗu: Q1 kore, Q2 rawaya, Q3 ruwan lemo, Q4 ja. Jerawa fanni-fanni adalci ne da na yaba, domin ba a haɗa mujallar labarin ƙasa da ta ciwon daji a sikeli ɗaya ba, alhali masana lafiya sun ninka mu yawan rubutu da yawan ambato.

Amma shekara uku me za ta yi wa bincike irin nawa? A 1993 ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta fitar da wani kundi kan fadamun Haɗeja da Nguru, inda masu bincike suka lissafa abin da fadama ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka nuna cewa a kan kowane ma'aunin ruwa ribarta ta fi ta babban aikin ban-ruwa na kogin Kano nesa ba kusa ba. Har yau duk mai maganar rabon ruwan nan sai ya koma gare shi. Ba mujalla ba ce, don haka ba shi da launi ko ɗaya a Scimago, kuma da mujalla ce, yawancin amfanin da aka yi da shi ya zo ne bayan shekara ukun sun daɗe da wucewa. Haka labarin manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin kututture ya sake tofowa a gonakinsu tun shekarun 1980. Sai da aka shiga shekarun 2000 masu hoton tauraron ɗan'adam suka gane cewa maganar ta kai kimanin hekta miliyan 5. Ilimin da ya shafi ƙasa da itace da ruwa a hankali yake nuna.

Sannan su wa za su ambace ni? Masu nazarin kacalla a kwarin Haɗeja, a duniya kaf, ɗaki ɗaya zai ɗauke mu. Waɗanda suka fi karanta ni su ne jami'in ma'aikatar albarkatun ruwa da ke rubuta wa kwamishina takarda, da ɗalibin da ke haɗa kundin digirinsa, da ma'aikacin ƙungiya mai neman tallafi. Ba ɗaya daga cikinsu da Scopus ke ƙirga ambatonsa. Wani abokin aikina a Nijar nasa ya fi nawa: da Faransanci yake rubutu, CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ce ke duba ƙarin girmansa, kuma yawancin mujallun da yake bugawa a ciki in ka neme su a nan ba za ka same su ba.

Shafin yana ba ka damar tace jeri da nahiya ko ƙasa. Zaɓi Afirka ka gani: jerin gajere ne, Afirka ta Kudu da Masar sun kwashe kaso mafi tsoka, na Najeriya kaɗan ne. Wani ɓangare na dalilin shi ne ƙasar kamfanin bugawa ake rubutawa, ba ƙasar da binciken ya shafa ba, shi ya sa mujallun nazarin Afirka da yawa suke fitowa a ƙarƙashin Birtaniya ko Holan. Amma babban dalilin shi ne yawancin mujallun jami'o'inmu ba sa cikin Scopus. Wasu laifinsu ne, fitowa ɗaya a shekara biyu, tantancewa ta sanayya. Wasu kuwa suna aiki tsakani da Allah, kuɗi ne babu. Mai son rarrabe su sai ya tafi shafin AJOL, wanda aka fara a 1998 kuma yake ɗauke da mujallun Afirka fiye da 500, har da ta kimiyya ta jami'ar Bayero. Can ana ba mujalla tauraro ɗaya zuwa uku bisa yadda take gudanar da aikinta, ba bisa yawan ambato ba. Kullum shafukan biyu a buɗe suke a kwamfutata.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba Scimago ne ya yi shi ba, mu ne. A wajenmu kwamitin ƙarin girma ya mayar da launukan nan maki: kore kaza, rawaya kaza, abin da ba shi da launi a ajiye shi gefe. Babu mai buɗe maƙalar. Alhali shi kansa Eugene Garfield, da ya ƙirƙiro ma'aunin tasiri, don zaɓen mujallun da za a tattara ya yi shi, masu ɗakunan karatu kuma suka ɗauke shi don sanin wadda za su saya. Lambar matsakaici ce ta mujalla gaba ɗaya, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke jan ta sama, saura suna cin albarkacinsu. Sanarwar San Francisco ta 2012, da ake kira DORA, abin da ta roƙa ke nan: kada a auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki. Ina ganin illar da idona. Matashin malami ya je ƙauyuka ya ji ta bakin mata masu sana'ar kifi kan wanda ya hana su mashigi, ya dawo ya cire duk wannan, ya cika takardar da hoton tauraron ɗan'adam da lissafin sauyin yanayi, don ya san ita ce za ta shiga mujalla mai kore. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Amma tambayar wa aka zalunta ta fita daga aikin, kuma ita ce ta kai shi ƙauyen.

Akwai abubuwa uku da mai neman wurin bugawa ke son sani waɗanda shafin ba ya faɗa. Ba ya gaya maka kuɗi, alhali buɗe maƙala ɗaya ga kowa a manyan kamfanonin nan yakan kai dala dubbai, albashin watanni ga malamin jami'ar Najeriya. Don wannan shafin DOAJ, mai jera mujallun da suke buɗaɗɗu gaba ɗaya, ya fi shi. Ba ya gaya maka tsawon jiran masu tantancewa. Ba ya kuma gaya maka wa zai iya karanta ka. Mujallu da yawa na kamfanin Taylor & Francis suna bugawa ba tare da ka biya ko sisi ba in ka yarda maƙalar ta zauna a kulle, sai mai rajista. Ga aljihu sauƙi ne. Ga maƙala kan adalcin ruwa kuwa, ma'anarsa jami'in da ke Dutse ko Damaturu zai ga taƙaitawa kawai. Ni dai ina bin wannan hanyar, sannan in ajiye kwafin da aka amince da shi a rumbun jami'a in wa'adin da kamfanin ya gindaya ya cika, in kuma rubuta shafi biyu da Hausa in kai wa shugabannin ƙungiyoyin fadama da suka ba ni lokacinsu.

Ga mai shirin haɗa takardun ƙarin girma, akwai wani abu ƙarami da ke jawo gardama a kwamiti. Mujalla ɗaya tana iya faɗawa fanni biyu ko uku, ta zama Q1 a ɗaya, Q2 a wani, kuma babban jerin da ake saukewa a kwamfuta mafi kyawun matsayinta yake nunawa. Matsayin yana kuma sauyawa shekara zuwa shekara. Saboda haka ka buɗe shafin mujallar kanta, ka nemo akwatin shekarar da maƙalarka ta fito, a layin fannin da sashenku yake, ka buga shi a takarda mai launi da kwanan wata a jiki, ka haɗa da fayil ɗinka.