Wata huɗu da sa wa Corolla ta tukunyar gas

Masu tambayata garejin da na kai motata aka mayar da ita mai amfani da gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya mota ta sha maimakon fetur, ga yadda abin yake. Wajen yana ta ɓangaren Kakuri a Kaduna, kuma gaskiya sun iya aiki. Da safe na ajiye ta, washegari bayan la'asar na ɗauka, wayoyi duk a naɗe tsaf, kuma ogan da kansa ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ya ce Alhaji matso ka duba ko za ka ga kumfa. Wannan ya burge ni.

Abin da ya kai ni kowa ya sani, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 litar da muke sha ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu, ga inshora ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000, ga takardu duk shekara, har na fara tunanin sayar da motar in koma hawa Keke. Yanzu kam kuɗin zirga-zirgata daga Rigasa zuwa wajen aiki ya ragu sosai, wallahi ba ƙarya.

Amma fa akwai abin da ba su faɗa min ba. Tukunyar nan nauyi gare ta, ta cinye rabin but, buhun shinkafa ɗaya da kyar yake shiga, Hajiya har yau mita take. Sannan bayan motar ya zauna, ramukan layinmu da damina ta haƙa suka ƙarasa shokozoba cikin wata biyu, na koma na yi ƙorafi yaron shagon ya ce ai matsalar hanya ce ba tasu ba. To da gaskiyarsa, amma da sun ce in canza tun farko ai da na canza. Ga layin shan gas, ranar da ba sa'a sai ka share awa biyu.

A layin ne ma wani ke ba mu labarin jihar Oregon ta Amurka, inda tun 2015 suke da tsarin biyan harajin hanya gwargwadon tafiyar da motarka ta yi. Na ce ni dai in za a cike ramin ƙofar gidana a zo a karanta mitar, na riga na biya kuɗin hanyar a wajen bakanike.

Tauraro huɗu na ba su. In za ka je ka tafi da kuɗin shokozoba a aljihu.