Ɗanyen black metal da mai yanayi: ina suka rabu?

Ɗan'uwanmu na Ringim ya tambaya. Ya ce ya ji ana raba black metal, wani kiɗan Turawa mai tsananin ƙara, gida biyu, ɗanye da mai yanayi, amma da ya saurara duk ihu ɗaya ya ji. Ina bambancin, kuma da wanne zai fara?

Da gaskiyarka, ɗan'uwa, kayan aikinsu ɗaya ne. Jita ake karta da sauri har sautin ya zama zare guda, kamar mai kukuma yana gogawa ba ɗagawa. Ganga na zuba kamar ruwan Agusta a rufin kwano, mawaƙi kuma kururuwa yake daga can cikin maƙogwaro. Sunan black metal ya samo asali ne daga sunan faifan da ƙungiyar Venom ta Ingila ta fitar a 1982, amma samarin Norway ne suka ba kiɗan kamannin da aka san shi da su a farkon shekarun 1990.

Ɗanyen shi ne na waɗannan samarin, irin su Mayhem da Darkthrone. Da gangan suke ɗaukar sauti da ƙaramar na'ura, ya fito a shaƙe kamar kaset ɗin da ya yini a rana. Waƙa minti huɗu zuwa shida, ta faɗo maka ba sallama, ta wuce. Manufarta ta razana ka, kuma tana yi.

Mai yanayi kuwa ba ya gaggawa. Waƙa ɗaya sai ta ci minti goma sha biyar ko fiye, ana maimaita kari guda har ka daina ƙirgawa. Sukan shimfiɗa sautin kibod a ƙarƙashi, su tura muryar baya, ka riƙa jin ta kamar mai kira daga wancan ƙetaren kogi. Wolves in the Throne Room, 'yan garin Olympia a jihar Washington ta Amurka, dazuzzukan yankinsu suke wa waƙa. Paysage d'Hiver na Siwizalan aikin mutum ɗaya ne, kuma ƙanƙara da tsananin sanyi su ne abin da ya fi damuwa da su. Mafi yawansu ba za ka ji su a rediyo ba. A shafin intanet na Bandcamp suke sayarwa, wasu har yau kaset suke bugawa.

Ni a fadama na gane mai yanayin. Da hunturun bara ina ban ruwan alkama a bakin kogin Haɗeja, da sassafe, hazo ya rufe ko'ina har ba na hango giginyar kan iyakar gonarmu. Ka san injin ban ruwa: da farko ƙararsa ta ishe ka, can sai kunne ya manta da ita, ka fara jin kukan tsuntsaye ta cikinta. To haka gangar nan take. Da ta zama shimfiɗa, sai wani kari mai ban tausayi ya taso daga ƙarƙashi, a hankali. Ɗanyen ba ya ba ka wannan damar.

Kada dai ka kunna a lasifikar waya. Na taɓa yi a tsakar gida, Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, injin markaɗen wa ya lalace?" Ban ga laifinta ba, don lasifikar tana cinye komai ta bar shuuu kawai.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Wasu daga cikin na Norway ɗin sun yi ta'asa: an ƙona coci-coci, har da tsohon cocin katako na Fantoft a 1992, kuma a 1993 ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, ya kashe Euronymous mai jitar Mayhem, aka yanke masa ɗaurin shekara 21. Waƙoƙin ɗanyen da yawa kirarin Shaiɗan ne da zagin addini. Masu yanayi sun fi karkata ga daji da duwatsu, amma su ma akwai masu yabon gumakan kakanninsu, akwai masu aƙidar wariyar launin fata. Ni sai na nemi baitocin na karanta kafin in sauke, wanda ya taɓa imani in bar musu kayansu.

Ka fara da mai yanayi. Agalloch na garin Portland a Amurka sun fi sauƙin shiga kunne, don suna haɗawa da jitar katako mai sanyi. Sauke waƙa ɗaya da dare lokacin da sabis ke da ƙarfi, ka sa abin kunne mai kyau, ka bar ta ta kai ƙarshe ba tsallakewa.